Tambayar da Sista Rifkatu Ta Yi Mini

Wannan babin saboda ke na rubuta shi, Rabi, amma Nasiru da Hauwa ku ma ku karanta. Shekaranjiya muna cin tuwon rana kika ce an kira ki intabiyu na aikin ɗakin magani, uwarku ko hannu ba ta tsame daga kwano ba ta ce, in kin shiga kada ki yi irin ta ubanki. Kuka kwashe da dariya ku duka. Ni ban yi ba. Shekara da shekaru ana ba ku labarin nan ta baki ɗaya: wai ubanku ya shiga gaban manya, aka yi masa tambaya guda, zuciya ta ɗebe shi, ya kwashi takardunsa ya fita, ya zubar da aikin da ya riga ya zo hannu. Kwasar takardun gaskiya ce. Fitar ma gaskiya ce. Abin da ke tsakani ba ku sani ba, ita ma uwar taku ba ta sani ba, domin ban taɓa faɗa ba. Yanzu wanda na yi wa rantsuwa ya rasu, ɗiyansa kuma sun ce in faɗa ba komai. Ni ba ɗan boko ba ne, kada ku nemi ado a maganata.

Ƙaramin asibitin da na yi wa aiki yana wani ƙauye a hanyar Mahuta, ɗaki huɗu da baranda da rijiya. Da tsintsiya na shiga. Mai riƙe da ɗakin magani shi ne Ishaya, wanda kuka sani da Baba Ishaya mai kawo muku gyaɗa in kaka ta yi. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Shi ya lura ina tsayawa da tsintsiya a hannu ina haɗa baƙaƙen da ke jikin gwangwanayen ƙwaya, ya ce in jingine ta in zo in riƙa zuba masa ƙwaya a leda. Shi ya koya mini wanda ake sha kafin abinci da wanda ake sha bayansa, da wanda zafi ke ɓatawa, da wanda ba a ba mai ciki ko da ta yi kuka. Shi ya matsa mini na shiga karatun manya, na faɗi jarrabawa sau biyu, na ci a na uku. Daga nan ya tura ni makarantar koyon aikin lafiya, na zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannena suna kira na Kawu. Na dawo da satifiket, na sa a leda, na sa a ƙarƙashin katifa. A takardar ofis dai ina nan a matsayin mai shara, kullum a ce babu gurbi. Na faɗi wannan ne don ku san ko waye Ishaya a wurina kafin ku ji na ture shi ya faɗi.

Abin ya faro ne daga gara. Ta ci katakon kantar magani daga baya, rannan Ishaya ya tafi jana'iza ƙauyensu, ni kuwa na ga dama ta samu. Na sauke komai, na share, na fesa magani, sannan na mai da gwangwanayen bisa jerin baƙaƙe, yadda aka koya mana a makaranta. Na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Kashegari ranar kasuwa ce, baranda cike. Wani dattijon makiyayi ya miƙo kati, matarsa na ciwon jiki. Ishaya yana yi masa barkwanci da Fulatanci, ya miƙa hannu sama ko waiwaye bai yi ba, hawa na biyu, gwangwani na uku daga hagu, kamar yadda ya saba. Ya zuba, ya ƙulle, ya ce biyu safe biyu rana biyu dare. Ina gefe ina fasa kwali. Sai da mutumin ya fita idona ya kai kan gwangwanin da aka bari a buɗe. Maganin ciwon suga ne. Shi ma fari ne, shi ma zagaye. Da matar ta sha shida a yini ba ta da ciwon suga, Allah kaɗai ya san inda za a kwana. Na tsallake benci da gudu, na cim masa wajen rijiya ya riga ya ta da babur, na karɓe ledar na ce an yi kuskuren ƙirge. Na dawo ina haki.

"Baba Ishaya, ka san abin da ka ba mutumin nan?"

Ya shafa kantar da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Wa ya taɓa mini kanta?"

"Ni. Gara ce ta ci katakon."

"Kai? Wa ya aike ka? Don ka yi 'yar makaranta shi ke nan ka fi kowa?"

Ya cakumi wuyan rigata. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Rigar ta yage har cibiya, a gaban mata, a gaban 'yan kasuwa. Na ture shi don ya sake ni, ya faɗi kan benci, leɓensa ya fashe. Kafin la'asar labari ya kai ƙauyuka uku.

Aka kira mu zauren mai gari, ga liman ga fasto. Aka tambayi kowa abin da ya haɗa mu. Ishaya ya ce kanta. Na dube shi, ya sunkuyar da kai, ni ma na ce kanta.

"Manya biyu da furfura," in ji mai gari, "kuna kokawa a kan katako? Ku faɗa mini in sa kafinta ya yi wa kowa nasa."

Aka yi dariya, aka sa muka gaisa. Mai gari ya ce maganar an binne ta a zauren nan, duk wanda ya sake tono ta ba abokinsa ya ci wa mutunci ba, waɗanda suka zauna ya ci wa. Kun san yadda abin yake a wurinmu. In dattawa suka rufe magana, ko matarka ba ka buɗe wa.

Bayan kwana uku, da aka tashi aiki, Ishaya ya ja tagar ba da magani ya rufe. Ya ɗauko gwangwani ya miƙo mini ya ce in karanta. Na karanta. Ya karɓa ya kawo shi dab da hancinsa, ya mai da nesa, ya juya shi ta wajen haske.

"Ni baƙi-baƙi kawai nake gani, Tanko. Ya fi shekara. Gefe da gefe duhu ne, tsakiya hazo. Na je asibitin ido a ɓoye, sun ce ba na tabarau ba ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa."

"To da me kake ba da magani?"

"Da hannu. Na san mazaunin kowane gwangwani kamar yadda na san haƙorana. Kai ka zo ka canza mini baki."

Saura shekara biyu da 'yan watanni ya yi ritaya. Ya ce in ofis suka ji, sallamarsa za su yi kafin lokaci, fansho ya tafi, ga yara a makaranta. Ko haka dokar take ko ba haka ba, ban sani ba, shi ma ina jin bai sani ba. Abin da muka sani shi ne ba mu taɓa ganin ƙaramin ma'aikaci ya kai damuwarsa ofis ya dawo da daɗi ba. Ya kama hannuna ya ce in rufa masa asiri. Kakanku Saje a bariki ya haife mu, kuma abu ɗaya da ya fi dukanmu a kai shi ne kai ƙara. In ka zo ka ce wane ya yi kaza, kai zai fara zanewa, sannan ya ji maganar. Ya ce a wurin da ya yi aiki, wanda ke kai abokinsa gaban hafsa ba mai yarda ya kwanta kusa da shi. Da wannan na tashi. Na rantse wa Ishaya da Allah. Daga ranar muka raba aiki ba tare da kowa ya gane ba: shi ke taga, ya karɓi kati ya miƙo baya kamar mai ba yaronsa umarni, ni in karanta in ɗauko in zuba, shi ya yi wa mutum bayani da Hausa ko C'lela ko Fulatanci. Mutane har yabo suke yi, wai tun da aka yi sulhu mun zama kamar hannu biyu.

A cikin wannan hali aka buɗe sabon asibiti a bakin garin Zuru, inda gidanmu yake, aka ce ana neman mai ɗakin magani mai satifiket. Lokacin hanyarmu ta fara lalacewa, ba ta kwalta nake nufi ba. Yau a ce an tare mutane a kaza, gobe a ce an kwashe shanu a kaza. Kullum na ta da babur da safe, uwarku tana tsaye a ƙofa da Hauwa a baya, ba ta shiga sai ƙarar ta ɓace.

"Baban Rabi, ga aiki ya zo har ƙofar gida. In ba ka kai takardar nan ba, ni zan ɗaga katifa in kai."

"Kin san mutum nawa ke nema?"

"Ban sani ba. Na dai san mutum nawa ke jiran ka dawo da rai."

Na gaya wa Ishaya. Ya ci gaba da ƙulla leda kamar bai ji ba. Can ya ce Allah ya sa alheri, lokaci ya yi. Takardar shaidar hali ma shi ya faɗa ni na rubuta, na ɗora masa yatsa inda zai sa hannu. Na tambaye shi, in na tafi wa zai karanta masa? Ya ce in bar wannan, zai san yadda zai yi. Maganar nan ba ta kwanta mini ba. Mutumin da ya yage mini riga don an motsa gwangwani, yau zan ɗauke masa ido gaba ɗaya ya ce ba komai?

Ranar intabiyu muka jeru a benci mu tara. Kusa da ni wani mutum ne daga Wasagu, Haruna, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, bakinsa ba ya hutawa. Yana ta latsa waya.

"Malam, ka shirya ta faɗa?"

"Wane faɗa?"

"Ai yanzu duk inda ka je sai sun tambaya. Ka taɓa saɓawa da abokin aiki, yaya kuka ƙare. Ga shi nan a waya. Kada ka ce ba ka taɓa ba, sun san ƙarya ne. Kada ka zagi mutumin. Ka ce kun saɓa a kan kaza, ka ja shi gefe, ka saurare shi, kun gyara, ka koyi darasi. Shi ke nan, kamar karatun allo."

"In ba ka da wanda za ka faɗa fa?"

"Ka ƙirƙira mana! Ni nawa a kan tsintsiya ne. Tun jiya nake bitarsa, har na fara jin haushin mutumin, alhali babu shi."

Ya yi dariya, ni na ƙura masa ido. Mutum tara, gurbi ɗaya, wane ne zai ba abokin takararsa amsa kyauta? Kuma duk tambayoyin duniya me ya sa ta faɗa ya zaɓa, kuma ni ya zaɓa ya gaya wa? Na ce a raina wannan an aiko shi ne ya ɗanɗana ni. Na matsa gefe.

Da aka kira ni na shiga, mutum uku ne a bayan tebur. Likita a tsakiya, wani Alhaji mai kula da ma'aikata a dama. A hagu kuwa Sista Rifkatu. Ita ce mai zagaya ɗakunan magani na ƙananan asibitocin yankinmu, ita ke sa hannu a rahoton Ishaya, cocinsu ɗaya, kuma matarsa 'yar uwar mahaifiyarta ce. An gayyato ta ne ta taya su tantancewa. Aka fara. Yaya ake ajiye allurar da ba ta son zafi in babu wuta, na faɗa. In kwanan magani ya kusa ƙarewa wanne ake fara bayarwa, na faɗa. In likita ya rubuta abin da ka ga ya yi wa yaro yawa, na ce in riƙe katin in je in same shi da kaina, ba a gaban uwar yaron ba. Likita yana gyaɗa kai, Alhaji ya yi wani ɗan rubutu ya ja layi a ƙarƙashi. Wallahi na ji ƙamshin aikin nan. Sai Sista ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam Tanko, ka taɓa samun saɓani da abokin aiki? Ba mu labari, da yadda ka bi da shi."

Da na ji ta Haruna, da na ƙirƙiro faɗan tsintsiya. Amma ta yaya zan yi wa matar da ta san ƙauyen nan gida-gida tatsuniya? Bakina ya riga hankalina.

"Ban taɓa ba, Sista."

"Ko sau ɗaya? Shekarun nan duka?"

"Sai ɗan abin da ba a rasa ba."

"Ni kuwa na ji labarin wata ranar kasuwa da riga ta yage."

Likita ya ɗago kai. Na ce ranka ya daɗe, wannan magana an yi sulhu, mai gari ya ce an binne ta. Alhaji ya yi murmushi ya ce ai nan babu mai gari, in saki jiki. Likita ya ce ba hukunci suka zauna yi ba, so suke su san irin mutumin da za su ba makullin magani. A kan me aka yi faɗan?

"A kan kanta, ranka ya daɗe."

"Kanta kawai? Ka ture wanda ya girme ka har ya fasa baki, a kan kanta?"

"Haka aka yi."

Sista ta ɗauki biro ta cire murfin. Na ga hannunta a kan farar takarda.

"Kafin faɗan ka bi wani makiyayi da gudu. Me ka karɓo daga hannunsa? Kuma me ya sa?"

Ku tsaya nan ku duba da idona. Gudun kowa ya gani. Amma ba wanda ya taɓa haɗa gudun da faɗan, ko a zauren mai gari ba a haɗa ba. Ga shugabar Ishaya da biro a buɗe. In na ce maganin suga ne, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi ƙwararre kamarsa ya yi wannan kuskure, ta bayanta kuma ido ne. Kalma uku tsakanina da aikin, kuma kalma ukun nan su ne fanshon mutumin da ya karɓi tsintsiya daga hannuna. Na ga kamar ba don ni aka shirya zaman ba, an dai sa mini aiki a gaba kamar yadda ake sa wa akuya dusa don ta shiga mota.

"Sista, ni kike yi wa intabiyu ko Ishaya?"

Ta ce, "Kai nake tambaya, Malam Tanko. Ka amsa, ba abin da zai faru." Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni, domin duk wanda ya taɓa ce mini ba abin da zai faru, wani abu ya faru. Na tattara takarduna, na ce Allah ya ba ku wanda ya fi ni, na fita. Ban zagi kowa ba, ban buga ƙofa ba. Wannan ƙarin na mutanen gari ne.

Haruna aka ɗauka, da faɗan tsintsiyarsa. Daga baya na gane ba wanda ya aiko shi, surutu ne kawai halinsa, kuma tambayar a buge take a takarda, duk mu taran aka yi wa. Don haka, Rabi, ke ma za a yi miki. Ki nemi ƙaramin saɓani na gaskiya wanda ba asirin kowa a ciki, ki faɗe shi a taƙaice, ki faɗi naki laifin kafin na ɗayan, kada ki kama suna. Wannan na sani yanzu. Amma tambayar makiyayi ba ta cikin takardar kowa.

Uwarku ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ajiye mini abinci ta zauna nesa.

"Me suka tambaye ka?"

"Maganar da ba ta faɗuwa."

"Ko a wurina?"

"Ko a wurinki."

"To Allah ya ba ka lada. Mu kuma ya ba mu haƙurin tsayuwa a ƙofa."

Bayan mako biyu wata maƙwabciyarmu da ke zuwa cocinsu Sista ta faɗa a cikin hira, ba da wata manufa ba, cewa ranar Lahadin da ta gabaci intabiyu ta ga Baba Ishaya ya shiga gidan Sista bayan an tashi, ya daɗe bai fito ba. Na ajiye cokali. Duk abin ya jeru mini a kai tsaf. Wa ya san abin da ke cikin ledar makiyayi? Ni da shi. Wa ya san na rantse, kuma ya san ɗan Saje ba ya warware rantsuwa? Shi. Wa zai rasa ido in na sami aikin? Shi. Bai buƙaci ya ɓata ni ba. Ya isa ya ce mata, in Tanko ya zo ki tambaye shi makiyayin nan, ya san zan toshe bakina da kaina in dawo masa. Zan san yadda zan yi, in ji shi. To ya sani.

Ban tambaye shi ba. Na koma na ci gaba da karanta masa kati shekara biyu cur, domin in na bari ba shi zai sha maganin ba, matar wani ce za ta sha. Amma na daina cin abinci kwano ɗaya da shi. In ya yi barkwanci in yi kamar ina ƙirga ƙwaya. Ya ce, Tanko, lafiya? In ce lafiya lau. A cikin shekarun nan ne hanya ta rufe kwana huɗu ina ƙauye, kakarku, wato uwata, ta rasu aka binne ta ban gani ba. Da na iso, uwarku ta dube ni kawai, kuma na san abin da kallon ke nufi. Ishaya ya yi ritaya lafiya, aka yi masa walima, aka ba shi agogon bango. Aka kawo wanda ban kai shi takardu ba aka ɗora a kaina, shekaruna kuma sun wuce na neman sabon aiki. Na haƙura na bari, na koma tsaron kemis ɗin da kuka tashi kuka gan ni a ciki.

Bara, da ciwo ya kwantar da shi, ya aiko a kira ni. Na je da rana, na same shi a tabarma a inuwar rumbu, idon ya tafi gaba ɗaya. Ya gane ni da tafiya. Muka gaisa, muka yi maganar damina, sai na ga in ban tambaya yau ba shi ke nan.

"Baba Ishaya, ranar Lahadin nan me ka je yi gidan Sista?"

"Ashe ka sani. Shi ya sa ka raba kwano."

"Shi ya sa."

"Na je na faɗa mata komai. Idon, da makiyayin, da gwangwanin. Na ce yaron nan ya ceci rai ya kuma rufa mini asiri, kada ya rasa aiki saboda ana cewa mafaɗaci ne. Na ce ta tambaye ka a gaban likita, su ji da kunnensu abin da ka yi. Ta ce ni kuma za ta mai da ni sito in ƙarasa kwanakina."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kunya. Na sa ka rantse, sannan in zo in ce ni na fara fasawa? Na ɗauka in ta ambaci makiyayin za ka gane an buɗe maka hanya."

"To me ya sa ba ta mai da kai siton ba?"

"Ai ka dawo. Ta ce tunda aiki na tafiya, a bar shi haka."

"Shekara biyu muna ɗaki ɗaya, ba ka ce uffan ba."

"Ina sallama kana amsa mini kamar mai karɓar haraji. Ta ina zan fara? Kuma, Tanko, ba zan ɓoye maka ba, da ka dawo na ji daɗi. Wannan na roƙi Allah gafara a kai, kai ma ina roƙonka."

Na ce na yafe, domin ba a hana mai jinya wannan. Bayan wata guda ya rasu, na je na tsaya har aka rufe shi.

Tun daga ranar nake juya maganar. Shugabar da ta san mutum ba ya gani za ta bar shi a taga shekara biyu? Da wuya. Amma kuma shugabar da ke farautarsa, ta ji zancen makiyayi, za ta bar shi ya yi ritaya da agogon bango? Shi ma da wuya. Mutumin da ke bakin kabari yana ƙarya? Na ga waɗanda suka yi. Yana iya yiwuwa ya shirya labarin ne a shekarun da ya yi a duhu, har shi kansa ya yarda da shi. In ƙarya ya yi, an cuce ni, kuma na iya zama da wannan, na saba. In gaskiya ya faɗa, to ba wanda ya kafa mini tarko. Mutum biyu sun haɗa baki su ba ni aiki, ni kuwa na dubi alherin na ce makirci ne, na bar uwata ta mutu ba na nan, na kuma hana makaho hira shekara biyu a kan laifin da bai yi ba.

Sista Rifkatu tana nan da ranta. Ta yi ritaya, gidanta na bayan kasuwa, ko minti goma ba a yi daga kemis. Wani lokaci takan aiko a sayi maganin hawan jini, in zuba in ba da, in ce a gaishe ta. Hankalinta garau yake, tambaya ɗaya za ta raba gardamar nan. Ban je ba. Kada kuma wani cikinku ya je a madadina.